Shekarar da Yaya Abu Ta Yanka Mujalluna

Ina jin abin da kuke faɗa a falo idan kun ɗauka barci ya kwashe ni. Tsufa ya taɓa mini gwiwa da ido, amma kunnena garau yake. Wai Umma ta yi shekara da shekaru tana tara tsofaffin mujallu, ba ta bari ko jikanta ya ɗora musu yatsa, sannan rana tsaka ta kwashe su ta miƙa wa tsohuwar da hankalinta ya tafi, ta bi su da almakashi. Kai Kabiru, kai ka fara wannan magana, ƙannenka suka ɗauka, yanzu har 'ya'yanku suna ba da labarin suna dariya. Ban yi fushi ba, ko in ce fushin ya daɗe da hucewa. Amma tunda Allah Ya ara mini kwana har na zauna rubuta abin da na gani a duniya, to wannan shekarar ba zan tsallake ta ba. Ba na so ku kai ni makwancina da labarin da rabinsa kawai kuka sani.

Kun buɗi ido kun gan ku a Nassarawa, a gidan nan mai bishiyoyin mangwaro da dogon baranda, sai kuka ɗauka nan aka yanke wa uwarku cibiya. Ina! Ranar da na fara taka unguwar nan, ta ƙofar baya na shiga gidajenta, da ƙunshin ɗinki a kaina, ina biye da Yaya Abu. Ita ce kuke kira Inna Abu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ta girme ni nesa ba kusa ba, har baƙi kan ɗauka ita ta haife ni. Ban san fuskar mahaifiyarmu ba, ta rasu ina goye. Yaya ce ta yaye ni, ita ta sa ni makaranta lokacin da dangi ke cewa ɓata lokaci ne, ita kaɗai kuma ke kirana Dije maimakon Hadiza. Duk da keken ɗinkinta na hannu ta yi wannan ɗawainiya, don mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yan da ta haifa kuma ba wanda ya zauna. Matan manyan ma'aikatan Nassarawa take yi wa ɗinki, da malaman makaranta 'yan Zariya masu son riga mai rufaffen wuya ta zuwa coci.

Daga gidajen nan mujallu ke fitowa. Mace za ta buɗe wa Yaya shafi ta ce irin wannan take so, sannan ta ce ta tafi da mujallar gaba ɗaya. Yaya ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma in ta kalli hoton riga sau ɗaya ta gane inda aka tsaga da inda aka haɗa. A zamanin, takardar fitar da samfuri sai manyan teloli. Don haka idan yayin da ke cikin mujalla ya wuce, sai ta zare 'yan wayoyin tsakiya da farce, ta shimfiɗa shafukan a tabarma, ta liƙa su da kunun rogo, ta yanka siffar hannu da wuya da kafaɗa. Wannan takardar za ta ɗora kan yadi, ta zagaye ta da guntun sabulu, sannan ta sa almakashi a yadin. Ni kuma abin da ya faɗo ƙasa shi ne rabona. A kan ragowar yankan Yaya na ƙware a karatu, kuma wallahi na karanta labarai marasa kai da marasa gindi fiye da kowa a Kano.

Da na zama malamar makaranta na auri babanku, sai na fara neman su da kaina. Ban taɓa kiran abin tarawa ba, tsinta nake cewa. Tela zai rufe shago, in je. Mai aski zai share ƙarƙashin benci, in aika. Akwai wata mai ƙosai a bakin makarantarmu da ta san halina, in aka kawo mata takardun ƙunshi sai ta ware mini masu hoto kafin mai ya taɓa su, ni kuma in ce mata ko ya taɓa ba komai. Ba ta taɓa gane wannan ba, kuma ina jin ku ma ba ku gane ba. Sabuwar mujalla fes ba ta burge ni. Wadda nake so ita ce wadda takardarta ta koma launin shayi, ta yi laushi kamar tsohon zane, gefenta ya ci hannu. Inda man ƙosai ya ɗiga, takardar kan zama garai-garai har ki hango rubutun baya. Wani shafin za ki tarar da jan yatsa, ki san mai lalle ce ta buɗe shi bai gama bushewa ba. Wani da ɗigon goro. Wani yaro ya zana wa minista gashin baki. Abin da ya fi kama zuciyata kuwa, in kin tsayar da tsohuwar mujalla kan gadon bayanta kin sake ta, da kanta take buɗewa a shafin da aka fi kallo. Haka na san rigar da ta tafi da hankalin matan Kano a shekarun da ban ma yi wayo ba.

Babanku ya sha yi mini tsiya a kan wannan. Yakan tsaya bakin ƙofa yana kallon yadda nake shinshina su.

"Malama, mutane na sayen sabo ya tsufa a hannunsu, ke kuma kina bin gari kina sayen tsufan wasu."

"Ai kai ma da tsufanka na same ka, Alhaji," nakan ce masa, "ban kuma mayar ba."

Bayan na yi ritaya ne Kabiru ya shigo cikin lamarin, kuma da alheri ya shigo, wannan ba zan danne masa ba. Shi ya sa aka ƙera kabad ɗin gilashin nan da ke falo, ya kawo ledoji masu kauri, muka zauna ni da shi muka sa kowace mujalla cikin rigarta. Ya kawo wani abokinsa malamin jami'a, mutum mai natsuwa, wanda ya wanke hannu kafin ya taɓa su. Ya ce akwai waɗanda bai taɓa gani ko'ina ba, musamman na Hausa, don su ne mutane suka fi ƙunshe tsire da su. Ya ce in na yarda za a ware musu kusurwa a laburare, a rubuta sunana a sama, ɗalibai su riƙa amfana har bayan raina. Kai, na ji daɗi! Kaina ya kumbura ba kaɗan ba. 'Yar da ta shigo Nassarawa ta ƙofar baya, ga sunanta a bangon jami'a. Muka tsayar da magana a kan bayan babbar Salla za su zo su kwasa.

Kafin azumin shekarar ne aka yi mini waya daga Kawaji. Can Yaya take zaune a ɗan ɗakinta, ta ƙi dawowa wurina duk nacina, wai ita ba ta iya zaman gidan suruki. Maƙwabciyarta ce ta kira. An tsinci Yaya a bakin titin Dakata da rana tsaka, ba takalmi, da ƙunshin tsummoki a kai, tana tambayar masu wucewa hanyar Nassarawa, wai za ta kai ɗinki kada matar babban sakatare ta yi fushi. Babanku ya tuƙa mu da kansa muka ɗauko ta. Likita ya yi nasa bayanin da dogon Turanci, amma ni da ganin idonta na san gigin tsufa ne, kuma ba mai komawa ba ne.

Ba ta gane ni ba. Wannan nake so ku riƙe, don duk sauran labarin a kansa yake tafiya. Matar da ta goya ni, ta tsefe mini kai, ta san kowane tabo a jikina, ta dube ni a cikin mota ta rusuna ta ce, "Sannu Hajiya, an gode da ɗauka." Da muka iso gida ta ƙi shiga ta ƙofar gaba, ta zagaya ta kicin. Ta ƙi zama kan kujera, sai ƙasa, bakin ƙofar falo, ƙafafu a lanƙwashe. A ganinta ta zo gidan masu ba ta ɗinki, ni ce matar gidan. Na ce mata ni ce Dije har muryata ta dishe. Sai ta yi ɗan murmushin nan da talaka ke yi wa mai kuɗi in ya yi wasan da bai gane ba. Na yi kuka a banɗaki ranar, na buɗe famfo don kada ku ji.

Sai kuma ta daina cin abinci. Duk abin da aka kawo sai ta rufe ta ture gefe cikin ladabi.

"A'a Hajiya, ban yi aikin komai ba tukuna. Ba na cin abincin mutane haka kawai. A kawo aikin dai."

Mun ba ta tsintar shinkafa, ta ce ita ba 'yar aiki ba ce, maɗinkiya ce. Na sa aka ɗauko kekenta daga Kawaji, amma idonta ba ya ganin kafar allura, hannunta kuma na rawa, ta soke yatsa ta zauna tana kallon jinin. Shayi kawai take kurɓa, shi ma sai da dabara. Ina kallo wuyanta na ramewa, zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Wata safiya na fito daga ɗaki na same ta tsaye gaban kabad, ta kafa goshi a gilashin.

"Hajiya, waɗannan ai yayinsu ya wuce. In ba kya so, a ba ni ɗaya in fitar da hannu."

Na ce mata to, bari in kawo. Na ruga ɗakin babanku na kwaso jaridun makon, na haɗa da wasu sababbin mujallu masu ƙyalli da 'yata Maryam ta bari. Yaya ta karɓa, ta murza gefen takardar tsakanin yatsu, ta kai hanci, sannan ta ninke su tsaf ta miƙo mini.

"Wannan ba ta san hannu ba, Hajiya. Santsi gare ta, kunu ba ya kama ta. Waccan dai."

Na tsaya da mabuɗi a hannu, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Daga ƙarshe na buɗe, na zaro wadda na fi rainawa, wata ta Turanci da nake da irinta biyu, na cire ta daga leda na ba ta. Ikon Allah! Kun san yadda hannunta ke rawa, amma da farcenta ya sami wayar tsakiya sai rawar ta ragu. Ta nemi kunu, aka dama mata. Ta shimfiɗa shafuka a kan dardumar falo, ta liƙa, ta jira ya sha iska, ta sa almakashi. Tana yanka tana magana, ba da ni ba, da shafin. Wannan rigar Misis Laraba ce ta ɗinka irinta da bikin ƙanwarta. Wannan wuyan matar alƙali ta so, amma kafaɗarta ba ta ɗauke shi ba. Matan da suka daɗe a ƙasa, duk ta tashe su a falon nan. Da azahar ta ajiye almakashi, ta karkaɗe zanenta, ta dube ni.

"To Hajiya, yanzu kam a kawo tuwon."

Ta cinye, ta suɗe kwano. Ni kuma ina durƙushe ina tsince guntayen takarda, ina murna ina jin zafi, duka a lokaci guda.

Ranar Juma'a Kabiru ya zo cin abinci kamar yadda ya saba, ya tarar da hannayen riga na takarda a shanye kan igiya a baranda. Ya ɗaga ɗaya, ya ga rabin fuskar wata mawaƙiya a jiki, ya gane. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba.

"Umma, me nake gani? Umma, kin san abin da kika ba ta kuwa? Mun fa yi wa mutane alkawari!"

"Na sani. Zauna ka ci abinci."

"Wane abinci? Inna Abu ba ta san me take yi ba. Ko takardar siminti kika ba ta yanka za ta yi."

"To gwada ka gani."

Ya kuwa gwada, don Kabiru akwai naci, gado ya yi. Ya ɗauki wasu ya kai aka yi musu fotokofi mai launi, aka ɗinke su kamar na gaske. Har jiƙa wasu ya yi da ruwan shayi ya shanya, wai su yi kama da tsofaffi. Yaya ta taɓa sau ɗaya ta ce takardar ofis ce, a mayar wa Alhaji kada a neme ta. Ranar ba ta ci komai ba sai da na buɗe kabad. Maryam ta zo ta ɗauki hotunan waɗanda ta iya da waya, Allah Ya yi mata albarka, suna nan kuna iya gani. Ni dai ban taɓa buɗe su ba, don hoto ba ya buɗewa da kansa a shafin da aka fi so, kuma ba shi da ƙanshi.

Kabiru ya dawo mini ta wata hanya. Ya ce a ware masu daraja a kai jami'a tun yanzu, a bar mata tarkacen. Maganarsa da hankali a ciki, ban ce babu ba. Na kwana biyu ina juya ta. Amma na riga na lura da wani abu: waɗanda suka fi tsufa, suka fi cin hannu, su ne suka fi daɗe da riƙe ta, su ne ke sa ta yi hira har ta yi dariya. Kuma su ne dai malamin jami'a ya fi so. Abin da ya ba su daraja a wurinsa shi ne ya ba su daraja a wurinta. Sannan akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ina sa rai. Kullum na zaro wata daga leda sai in ce wataƙila wannan ce za ta kai ta shekarar da nake ciki, ta ɗago ta ce Dije. In na kai rabi jami'a, ina na sani ko wadda za ta dawo mini da yayata na cikin waɗanda suka tafi?

Na kira Kabiru na ce ya ba abokinsa haƙuri, babu abin da zai fita daga gidan nan.

"Umma, aikin rayuwarki ne fa. Za ki bari a mayar da shi shara saboda kwanon tuwo?"

"Kabiru, shekara nawa ina gaya muku abin da nake so a jikinsu shi ne hannun da ya taɓa su? Hannun matan da ban sani ba na yi ta yabo. Yau ga hannun da ya goya ni ya miƙo, shi ne zan ce bai isa ba?"

"Waɗancan taɓawa suka yi. Ita yankawa take yi."

"Na gani. Ni nake share wurin."

Ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Daga ranar ya daina zuwa cin abincin Juma'a. Yakan turo direba da kayan cefane da magungunan Yaya, bai taɓa fashi ba, amma ƙafarsa ba ta tako falon nan ba har damina ta yi nisa. Ya ji kunya gaban abokinsa, na sani, kuma shi ne ya zauna da ni muka sa su cikin leda ɗaya bayan ɗaya. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Ɗan fari ne, ko sunansa ban cika kamawa ba a da, sai ga shi ina leƙen ƙofa kowace Juma'a kamar mai jiran baƙo.

Babanku kuwa bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Da na matsa masa sai ya ce:

"Kayanki ne, Malama, yayarki ce kuma. Abu ɗaya na roƙa, na Hausan nan akwai sunan Allah a ciki, akwai ayoyi. Kada a taka."

Shi ya ɗauki wannan aikin da kansa. Kullum bayan la'asar zai sa tabarau ya zauna a baranda da faranti, yana duba guntayen ɗaya-ɗaya, duk mai sunan Allah ya ware, ya ƙona a tsohon kasko bayan gida, ya binne tokar gindin mangwaro. Mutumin da ya yi shekaru yana yi mini dariya a kan mujallun nan, sai ga shi ya karanta su fiye da kowa, a gutsure. Wani lokaci ya ɗago ya ce, "Malama, wannan labarin mai jirgin ƙasa, yaya ya ƙare?" In ce masa ya duba hannun rigar da ke kan igiya. Yaya kuwa ta ɗauke shi maigadi, takan ce in ƙara masa albashi, yana da ƙoƙari.

Haka kabad ya riƙa yin fili, daga sama zuwa ƙasa, don na jera su bisa yadda nake son su, ina ba da na nesa da zuciyata tukuna. Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi don na yanke shawara. Akwai wadda na yi shekaru ina nema kafin na same ta wurin wani tsohon tela a Tudun Murtala. Ranar da layi ya zo kanta sai da na shiga ɗaki na karanta ta daga bango zuwa bango, na shinshina ta, sannan na fito da ita. Ƙarar almakashin a jikina nake jin ta. Amma Yaya ta yi ƙiba, zobenta ya zauna, tana barci, tana tsokanar masu aiki. Ta yi azuminta na ƙarshe tana tsammanin ɗinkin Salla ne ya yi mata yawa, tana faɗa wai matan Nassarawa ba sa kawo yadi da wuri.

Ta rasu da kaka, cikin barcin rana, da guntun sabulu a hannunta. Kuma don kada wani ya ƙara wa labarin gishiri bayan raina, har ta koma ga Allah ba ta gane ni ba. A matsayin Hajiya na shigo mata, a Hajiya kuma ta bar ni. Kabiru ya zo, shi ya shiga kabarinta ya karɓe ta, ya dawo ya durƙusa gabana, muka yi kuka tare, ba wanda ya ta da maganar takarda. Sai daga baya, da hawaye suka bushe, maganar ta dawo a matsayin labarin wautar Umma.

Saura abu guda, wanda ba kowa a gidan lokacin da ya faru, babanku ma ya tafi masallaci. Kwanaki kaɗan ne kafin rasuwarta. Kabad ya kusa zama wayam, na zaro wata ta Hausa wadda bangonta ya daɗe da rabuwa da ita, ta yi laushi har ba ta ƙara in an buɗe. Na miƙa mata na zauna gefe kamar kullum. Ta sa farce za ta zare waya, sai mujallar ta buɗe a shafin yara, mai tatsuniya da zanen zomo da kunkuru, gefensa duk shatin 'yan yatsu masu datti. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ajiye almakashi, ta rufe mujallar a hankali, ta tura ta ƙarƙashin cinyarta.

"Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba ta yanka ba ce. Ki bar mini ita."

"Me za ki yi da ita, Yaya?"

"Akwai yarinya a wurina, ƙanwata. Marainiya ce. Kai, yarinyar nan da son karatu! Ko guntun takarda ta gani a ƙasa sai ta ɗauka. Kullum ragowa nake ba ta, abin na damuna. Yau dai in ta taso daga makaranta ta sami guda cikakkiya."

Na rasa inda zan sa kaina. Na matsa kusa na kama hannunta.

"Yaya, ni ce. Ni ce Dije."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta tuntsire da dariya har da tafa cinya.

"Haba Hajiya, da furfurarki? Dije ai 'yar mitsitsiya ce, ko kafaɗata ba ta kai ba." Ta gyara zama, ta leƙa ƙofar kicin. "Yanzu za ki gan ta, ba ta tsayawa wasa a hanya. In ba kya sauri, zauna ki gan ta. Za ta karanta miki, ki ji abin mamaki."

Na ce mata ba na sauri. Na sauko daga kujera na zauna kusa da ita a ƙasa, kafaɗata na taɓa tata, muka fuskanci ƙofar baya muna jiran Dije ta taso daga makaranta.